Selvon ko Levy: Wanne Za Ka Ɗauka Kan Ƙaurar 'Yan Karibiyan Zuwa Ingila?

Ɗalibin sashen Turanci da ya ƙudiri aniyar rubuta kundinsa a kan ƙagaggun labaran baƙaƙen fatar Karibiyan da suka yi ƙaura zuwa Ingila, da wuya ya fito daga ofishin malaminsa bai ji sunayen littattafai biyu ba: The Lonely Londoners na Sam Selvon, wanda ya fito a 1956, da Small Island na Andrea Levy, na 2004. Masu zauren karatu da ke neman abin da za su tattauna a kan zaman ƙetare su ma a nan suke cin birki. Da so samu ne a karanta duka biyun. To amma zangon karatu gajere ne, littafin waje ya yi tsada, kuma malamai da yawa sun fi son ɗalibi ya riƙe littafi ɗaya ya tatse shi da kyau a kan ya yi ta tsalle tsakanin biyu. Dole dai a zaɓa. Abin da zai taimaka wa mai zaɓe shi ne ya san cewa Selvon ya yi rubutunsa yana tsundum cikin ruwan, bai san gaɓar da zai kai su ba, ita kuwa Levy ta yi nata bayan shekara 48, tana sane da duk abin da ya biyo baya. An ma haife ta ne a shekarar da littafin Selvon ya fito. Kusan duk bambancin da ke tsakaninsu daga nan ya samo tushe.

Tarihin da suka tsaya a kai ɗaya ne. Ranar 22 ga Yuni, 1948, fasinjojin jirgin ruwan Empire Windrush suka sauka a tashar Tilbury, kusa da Landan. Fiye da 800 daga cikinsu daga yankin Karibiyan suka fito, mafi yawa 'yan Jamaika, kuma da dama tsofaffin sojoji ne da suka yi wa Birtaniya Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan shekarar ce majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta tabbatar wa mutanen ƙasashen da take mulka matsayin 'yan ƙasa, da 'yancin shiga da zama. Ga Landan da bama-bamai suka ragargaza, ga sabuwar hukumar lafiya ta ƙasa da aka buɗe a watan Yuli tana neman ma'aikata, ga jiragen ƙasa da motocin safa suna buƙatar hannaye. Da Amurka ta ƙuntata ƙofarta ga 'yan Karibiyan a 1952, sai ayarin ya ƙara karkata zuwa Ingila. A 1956 hukumar sufurin Landan har Barbados ta je ɗibar ma'aikata. Mutanen nan ba su ɗauki kansu baƙi ba. Tun suna yara aka haddace musu kogunan Ingila da sarakunanta, aka ce musu ita ce uwa. Da suka iso, ɗakin haya ya gagara, aikin da ya dace da iliminsu ya gagara. A 1958 aka far musu a unguwar Notting Hill, a 1962 kuma aka yi dokar da ta taƙaita shigowarsu.

Lura da shekarun nan biyu na ƙarshe. Littafin Selvon ya riga su. Mutanensa suna jin iskar tana sauyawa, suna ganin jaridu na ƙorafin cewa baƙi sun yi yawa, amma ba su san tarzoma na tafe ba. Wannan rashin sanin shi ne ransa.

Selvon ɗan garin San Fernando ne a Tirinidad, an haife shi a 1923. Ya yi aikin rediyon sadarwa a rundunar ruwa lokacin yaƙi, ya yi aikin jarida, sannan ya iso Ingila a 1950 cikin jirgi ɗaya da marubucin Barbados George Lamming. Akwai abin da ɗalibai kan tsallake game da shi, kuma bai kamata ba: shi kansa ba jikan bayin Afirka ba ne, tsatsonsa na Indiya ne, mutanen da Turawa suka fara kawowa Tirinidad a 1845 don noman rake bayan an 'yanta bayi. Amma yawancin mutanen littafinsa baƙaƙen fata ne, kuma a idon Landan ta wancan lokaci duk ɗaya aka ɗauke su. Wanda zai yi rubutu a kan asali da sanin kai ya samu babi guda kyauta tun kafin ya buɗe shafin farko.

Littafin ba shi da yawa, bai wuce shafi 140 da 'yan kai ba, kuma babu wani zaren labari da ake bi daga farko zuwa ƙarshe. Yana buɗewa da Moses Aloetta, ɗan Tirinidad da ya daɗe a Landan, a cikin safa da yammacin hunturu mai hazo, zai je tashar Waterloo tarbar wani baƙo da bai taɓa gani ba. Baƙon, Henry Oliver, wanda aka laƙaba wa Galahad, ya sauko daga jirgi da 'yar kwat ta ƙasar zafi, babu kaya, babu rigar sanyi. Daga nan sai labari ya riƙa kiran labari. Ga Bart mai hasken fata da ke cewa shi ɗan Latin Amurka ne, wanda uban budurwarsa Baturiya ya kora daga gida, ya ƙare yana yawon nemanta a titunan Landan. Ga Harris da hular Turawa da lema da jaridar The Times a naɗe a aljihu, yana fargabar 'yan uwansa su ba shi kunya a gaban manyan baƙi. Ga Galahad da yunwa ta sa ya cafke tantabara a lambun Kensington, wata tsohuwa tana kururuwa a kira ɗan sanda. Kowace safiyar Lahadi sukan taru a ɗakin Moses na ƙarƙashin ƙasa a Bayswater, kamar majalisar unguwa, a sha taba, a ci bashin juna, a yi ta cewa baɗi za a koma gida. Ba wanda ke komawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma Moses ya fi kowa sanin haka.

Mai karatu ɗan Najeriya zai tsaya a kan Cap. Shi ɗan Najeriya ne da ubansa ya tura Ingila karatun lauya, ya cinye kuɗin a shashanci, ya koma rayuwa da kwat ɗaya da daɗin baki, yana yaudarar masu gidajen haya da mata. Har wata Bafaranshiya ya aura bisa alƙawarin cewa babban muƙami na jiransa a gwamnatin Najeriya. Wasu za su ji haushin cewa ɗan Afirka ɗaya tilo da ya yi fice a littafin mayaudari ne, kuma haushin na da hujja. Sai dai Selvon bai ware shi gefe ba: yana cikin taron Lahadi, ana zaginsa ana ciyar da shi. Landan ta haɗa ɗan Afirka da jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka a ɗaki ɗaya, a gaban murhun gas ɗaya da sai an saka sule yake ci.

Amma ƙarfin littafin na gaske yana cikin harshensa. Selvon ya faɗa da bakinsa cewa ya fara rubuta shi da daidaitaccen Turanci, abin ya ƙi tafiya, sai da ya juya zuwa Turancin Karibiyan. Ba cikin zancen mutane kaɗai ba, har muryar mai ba da labari. Kafin shi, abin da aka saba gani shi ne mai ba da labari ya yi Turancin makaranta, talakawan labarin su yi nasu a tsakanin alamomin zance, kamar ana nuna su da yatsa. Shi ya rushe wannan katangar. Landan da kanta, da hazonta da tashoshinta, da bakin baƙo ake siffanta ta, kuma baƙin suna sake wa unguwanninta suna yadda ya yi musu daɗi a baki. Akwai wurin da ya yi kusan shafi goma yana bayanin lokacin zafi a birnin babu aya ko ɗaya. Wanda ya saba da Turancin buroka na Najeriya zai kama salon cikin shafi kaɗan, don ginin jimlolin na da kusanci. Wanda Turancinsa na aji ne zalla zai ɗan sha wuya da farko. Maganin shi ne ya karanta da ƙarfi, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

Levy ta fito ta wata ƙofa daban. A Landan aka haife ta. Mahaifinta na cikin fasinjojin Windrush, mahaifiyarta ta biyo shi bayan 'yan watanni. Small Island ya haura shafi 500, ya ci kyautar Orange da ta Whitbread a 2004, da ta marubutan ƙungiyar Commonwealth a 2005. BBC ta mayar da shi fim a 2009, aka kuma yi wasansa a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan a 2019, shekarar da ta rasu. Mutum huɗu ne ke karɓa-karɓar ba da labarin, kowa da muryarsa: Hortense da Gilbert Joseph 'yan Jamaika, da Queenie da Bernard Bligh Turawan Ingila. Babobin suna kai-komo tsakanin 1948 da shekarun da suka gabace ta, a Jamaika da Amurka da Ingila da Indiya.

Hortense ita ce dalilin da zai sa mutane da yawa su zaɓi wannan littafi, kuma ban ga laifinsu ba. Malamar makaranta ce da ta yi kwalejin horon malamai a Kingston, mai alfahari da hasken fatarta da ƙa'idar Turancinta. Ita ta ranta wa Gilbert kuɗin jirgi, bisa sharaɗin ya aure ta ya kuma aiko mata ta biyo shi. Bayan wata shida ta iso da farin safar hannu da hula, direban tasi ya kasa gane Turancin da take taƙama da shi, mijin da ya kamata ya tarbe ta barci ya kwashe shi, gidan da take mafarki kuma ya zama ɗaki ɗaya a can saman wani tsohon gida a Earls Court. Gani ya kori ji. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ta ɗauki takardun shaidarta ta je ofishin ilimi neman aikin koyarwa. Matar da ke kan tebur ko karanta su ba ta yi ba, ta ce mata ba za ta iya koyarwa a ƙasar nan ba. Hortense ta tattara mutuncinta, ta yi sallama cikin ƙasaita, ta juya ta buɗe ƙofa ta shige, ashe ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti ne. Sai da ta tsaya a cikin duhu ta tattaro ƙarfin hali kafin ta fito a gaban matan da ke danne dariya. Gilbert, wanda take yi wa kallon raini tun zuwanta, shi ke jiranta a waje, kuma daga wannan rana ne auren nasu ya fara zama aure.

Selvon ma na da irin wannan wuri. Wani yaro ya nuna Galahad a titi yana gaya wa uwarsa ga baƙin mutum. Da dare Galahad ya zauna yana kallon hannunsa, yana yi wa baƙin launin magana kamar wani mutum ne daban da ke jawo masa wahala, yana tambayarsa me ya hana shi zama ja ko shuɗi. Idan ka ajiye wuraren biyu kusa da juna za ka ga yadda marubutan suke aiki. Levy tana nuna maka wulaƙancin, da wanda ya yi shi, da ofishin da aka yi shi, da hannun da ya share hawaye bayansa. Selvon yana barinka da mutum shi kaɗai a ɗaki, ciwon ya shige ciki har ya raba shi da fatarsa, gobe kuma ya tashi ya ci gaba da barkwanci.

A kan batun asali, Selvon ya fi kaifi wajen nuna yadda aka ƙera sabon suna a baƙunta. Tsakanin Tirinidad da Jamaika akwai fiye da mil dubu na teku, kuma kafin Landan ɗan wannan tsibiri bai cika sanin na wancan ba. Amma Baturen titi kowa ɗan Jamaika yake kiransa, kuma Moses ya nuna wa Galahad yadda ofishin neman aiki ke yi wa takardar mutum alamar cewa baƙar fata ne, don kada a wahalar da kai a tura shi inda ba a so. Daga wannan kuɗin goro da aka yi musu ne suka fara ganin kansu al'umma ɗaya. Levy kuma ta fi faɗi, don ta juya tambayar kan Turawan su ma. Littafinta yana buɗewa da Queenie tana yarinya a bikin baje kolin daular Birtaniya na Wembley a 1924, inda ta gaisa da wani ɗan Afirka tana mamakin jin Turanci a bakinsa. Bernard, ma'aikacin banki mai ƙyamar baƙi, yaƙi ya kai shi Indiya, ya dawo a karye ya tarar da baƙaƙen fata, har da Gilbert da Hortense, na haya a gidansa. Levy ta ba shi babobinsa ya yi magana da kansa, kuma wannan ƙarfin hali ne, don ba mutumin da za ka so zama da shi ba ne.

Sashen yaƙin nan yana da kusanci da mu fiye da yadda ake zato. Gilbert ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya da burin tashi sama, aka ba shi tuƙin mota. Ya kwatanta Ingila da wata 'yar uwa da aka rene ka kana jin labarin kyanta, ka sadaukar da komai ka je ceto ta, ka tarar da tsohuwa cikin tsumma tana tambayarka kai wane ne. A daidai waɗannan shekaru dubban 'yan Arewa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a dazukan Bama, inda Hausa ce harshen bariki ga da yawansu. Ɗalibin da a gidansu aka taɓa yin tsohon sojan Bama zai karanta babobin Gilbert da wani ido daban, kuma yana da abin faɗa da mai nazari a Landan ba shi da shi.

Sai batun tsayawa da ƙafa da ƙwatar wa kai mutunci, inda a nan ne akasarin ɗalibai ke yanke hukunci da gaggawa. A fili Levy ce ke da shi. Hortense ta sayi hanyarta da kuɗinta, ta faɗi, ta tashi, ta ce za ta koma kwaleji ta sake karatun. Gilbert ya tsaya gaban Bernard ya gaya masa gaskiya ido da ido. A ƙarshe suna shirin barin ɗakin haya zuwa wani gida mai buƙatar gyara a Finsbury Park. Hujjoji a jere suke, sai dai ka ɗiba. A nan kuma tarkon yake: sauƙin hujja kan sa kundi ya koma taƙaita labari babi bayan babi. Akwai ma masu ganin cewa haɗuwar ƙaddarorin mutanen huɗu ta yi daidai fiye da kima, musamman abin da ya shafi jaririn da Queenie ta haifa, wanda ba zan ɓata wa mai karatu ba. Ni ma ina ganin hannun marubuciyar ya fito fili a wurin, ko da yake abin da Queenie ta roƙa a ƙarshe ba ya barin mutum ya rufe littafin da sanyin zuciya.

A wurin Selvon ba wanda ya yi nasara irin wannan. Moses ya shekara goma, bai tara komai ba. Wanda ke neman tsayawa da ƙafa a littafin sai ya neme shi a wurare biyu. Na farko harshen, kamar yadda na faɗa. Na biyu Tanty, wata tsohuwa 'yar Jamaika da ta biyo ɗan 'yar uwarta Tolroy ba tare da ya gayyace ta ba: ya je tarbar mahaifiyarsa kaɗai, sai ga dangi duka sun sauko daga jirgi. Tanty ce ta tilasta wa mai kanti Bature a Harrow Road ya fara ba da kaya bashi a biya ranar Juma'a kamar yadda ake yi a gida, ta kuma ƙi karɓar burodi sai an naɗe mata shi a takarda. Samarin suna ta lallaɓa birnin, ita kuwa ta sa unguwa ta bi tsarinta. Amma gaskiya ita kaɗai ce. Sauran matan littafin abin farauta ne a bakin maza, yawancinsu ko suna ba su da shi, kuma dukan da Lewis, ɗaya daga cikin mazan, ke yi wa matarsa Agnes an ba da shi cikin muryar raha, duk da cewa ta bar shi ta kai shi kotu. Ɗalibar da ke son nazarin mata za ta iya gina kundi mai zafi a kan wannan giɓin, amma ta san cewa faɗa za ta yi da littafin, ba jingina da shi ba.

Masu zauren karatu, musamman inda ake haɗa maza da mata ko 'yan sakandare, su san cewa duka biyun suna da wuraren da suka shafi jima'i. Na Selvon ya taru ne a dogon sashen lokacin zafi da hirar samari. Na Levy ya warwatsu, har da abin da Bernard ya aikata a Kalkata da wata yarinya, da haihuwar da aka siffanta filla-filla. Mai jagorantar zaure ya riga kowa karantawa.

Ga inda na tsaya. Wanda bai san tarihin nan ba, ko zauren da ke son labari mai riƙe mutum da mahawara mai tsawo, ko ɗalibin da takensa ya haɗa ƙaura da asali da tsayawa da ƙafa gaba ɗaya, ya ɗauki Small Island. Littafin zai koya masa tarihin yana tafe, zai ba shi mace da namiji, baƙi da fari, amma ya ware masa makonni, don ba a gama shi a zama biyu. Wanda kuma yake da kunnen harshe, yake son ya faɗi abin da ba kowa ya faɗa ba, kuma malaminsa na da sha'awar salo, ya ɗauki The Lonely Londoners. Da ni ne mai kundin, shi zan ɗauka, saboda shafi ɗaya nasa na iya ɗaukar nazarin shafi biyar, kuma tambayar da ya bari a buɗe, ko waɗannan mutane za su taɓa zama 'yan gida, ba ta rufu ba. A 2018 aka bankaɗo cewa ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta tsare wasu daga cikin waɗanda suka shigo tun suna yara a wancan zamani, ta raba wasu da aiki da magani, ta kori wasu, don sun kasa kawo takardun da ba a taɓa ba su ba. Katunan saukarsu ma an lalata su tun 2010. Ministar ma'aikatar, Amber Rudd, ta yi murabus a watan Afrilun shekarar.

Idan malami ya nace sai an haɗa da littafi na biyu, ba dole ne a haɗa waɗannan biyun da juna ba, don an yi hakan har an gaji. Selvon ya fi haskawa idan aka ajiye shi kusa da Second-Class Citizen na Buchi Emecheta, na 1974, inda 'yar Najeriya ce ke neman ɗakin haya a Landan da yara a hannu da miji a wuya, wato muryar da babu ita a ɗakin Moses. Levy kuma ta dace da The Final Passage na Caryl Phillips, na 1985, wanda shi ma ɗan baƙin ne ya waiwayi tafiyar iyayensa, amma matar labarinsa, Leila, Ingila ba ta buɗe mata ƙofar da ta buɗe wa Hortense ba.